Shawarwarin da aka bayar kan kogin Kaduna

Ranar Asabar muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa, masunta da masu lambu da matasa, kan ruwan da ke shiga gidaje duk Agusta da Satumba. Wani dattijo masunci ya tuna mana cewa sunan garin nan daga kada ya samo asali, amma yau komarsa ta fi kamo leda da roba fiye da tarwaɗa. Maganar ta taɓa ni ƙwarai.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a daina zuba shara a kwata. Leda ke toshe magudana, ruwa ya rasa hanya ya faɗa ɗaki, ruwan da ya kwanta kuma sauro ya hayayyafa a ciki, zazzaɓi ya biyo baya. An yarda a yi gayya a yashe kwatoci tun kafin damina ta sauka.

Wani mai lambu ya ce, "Baba, a bar mana bishiyoyin gaɓa, saiwarsu ke riƙe ƙasa." Wanda ya sare don gawayi, ya dasa mangwaro ko dogon yaro. An kuma ja kunnen masu gini a fadama.