Hayar motar da za ta ja tirelar jirgin ruwa a Jidda

Salam 'yan uwa na Jidda, wallahi abin nan ya ishe ni. Ƙaramin jirgin ruwa nake so in kai Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, ran Juma'a, yana kan tirelarsa amma Camry ɗina ba za ta iya ba.

Ofishin haya uku na zaga, biyu suka ce inshorarsu ba ta yarda a ja komai ba, na ukun ya ba ni Hilux fowil (mai ja da tayoyi huɗu), na zo haɗawa ashe soket ɗin haɗa wutar fitilu na motar mai fin 7 ne na tirelar kuma 4, fitilar birki ko ƙyaftawa ba ta yi, haka na mayar da motar, kuɗin wuni ya tafi a banza.

Don Allah ina ake ba da hayar fowil da aka yarda ta ja tirela, a rubuce cikin takardar haya?