Neman agaji: me za mu kira "expertise balistique" da Hausa?

Mai Shirin Dare: Salamu alaikum jama'a. Gobe bayan isha'i ina da shiri a rediyo kan yadda kotu ke tabbatar da laifin kisan kai. Baƙona lauya ne, da Faransanci ya yi karatunsa, na san da ya buɗe baki zai ce "expertise balistique" da "scellés", kuma ni zan maida wa masu saurare. Misalinmu shari'ar kisan Thomas Sankara ce, tsohon shugaban Burkina Faso: an kashe shi ranar 15 ga Oktoba 1987, an tono kabarinsa a 2015 don bincike, a 2022 kotun soja ta Wagadugu ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya hau mulki bayan kisan, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Kahin azahar zan miƙa takardar shirin. Kalmar da tsohuwa a Gidan Rumji za ta ji ta gane nike nema.

Ɗiyar Bagalam: Wa alaikumus salam. "Binciken harsashi". An gama.

Bakano: A kafafen yaɗa labaranmu "binciken ƙwaƙwaf" ake cewa. Ka ce binciken ƙwaƙwaf a kan harsashi, kowa ya san shi.

Ɗiyar Bagalam: Ƙwaƙwaf ai ko mai neman aure yana yin shi. Bai nuna aikin masana ba ne.

Mushe Mai Ritaya: Yara, ku dakata. Tushen kalmar Girkanci ne, ma'anarsa jefa abu. In za mu yi aiki irin na masu ilimi sai mu koma tushe. Na daɗe da ƙirƙiro mata suna: "jifantaka", kamar yadda muke da dangantaka da abokantaka. Ko a ce "ilimin jifa".

Bagobirin Tibiri: Mushe, Allah shi ƙara girma, amma in aka ce a rediyo an kira masanin jifa ya ba kotu bayani, rabin Maradi za su ce boka aka ɗauko.

Mushe Mai Ritaya: Dariya ba hujja ba ce. Kowace kalma baƙuwa ce ran da aka haife ta.

Tsohon Jandarma: Bari in sa baki, tunda na ɗan taɓa aikin. Ku fara sanin abin kahin ku raɗa mishi suna. Cikin bututun bindiga akwai layuka da aka yanka a murɗe, su ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar ɗan mazari, don ya tahi sak. Sa'ad da yake fita, layukan nan suna karce jikinshi. Kalashinikof layi huɗu gare ta, murɗe zuwa dama. Kwanson da ya faɗi ƙasa shi ma yana ɗauke da tabon ƙusar da ta buge shi a gindi. Sai masani ya harba bindigar da ake zargi cikin ruwa ko auduga, ya ɗauko wannan harsashi, ya jera shi da wanda aka ciro daga gawa ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, ya duba ko karcen ya hau kan juna. Akwai kuma lissafin inda aka tsaya aka yi harbin da nisan wurin.

Bagobirin Tibiri: To Baba, ai ka ba mu kalmar da bakinka. Tsaga ke nan! Bindiga wanzamiya ce, tana yi wa ɗanta tsagar gado. In ka ga fuskata ba ka tambayar daga ina na fito. "Tsagar bindiga". Mai Shiri, rubuta.

Mai Shirin Dare: Wallahi ta yi mini daɗi a kunne.

Malamar Tarihi: Daɗi kam ta yi, amma ku yi hattara da ita. Tsagar gado gida take nunawa, ba mutum ba. In aka ce mai tsagar Gobirawa ne ya yi sata, ba a kama kowa ba tukuna. Kan wannan gaɓar aka taɓa rasa rayuka a Amurka. A 1920 an yi fashi a jihar Masacuset, aka kashe mai ɗauke da kuɗin albashi da mai gadinsa. Aka kama ƴan Italiya biyu, Sacco da Vanzetti. Wani hafsan ƴan sanda ya shaida wa kotu cewa ɗaya daga cikin harsasan ya dace da a ce daga bindigar Sacco ya fito. Masu yanke hukunci suka ji kamar ya ce ita ce ta harba. Daga baya ya rubuta takardar rantsuwa cewa bai samu tabbacin hakan ba. An zartar wa Sacco da Vanzetti hukuncin kisa a 1927. To Mai Shiri, in lauyanka ya ce "ya dace da", kada ka fassara da "shi ne".

Tsohon Jandarma: Malama ta yi gaskiya. Yawan layi da murɗinsu, wannan tsagar gida ce. Ƙananan karce da ke tsakani, su ne na bindiga guda, kamar tabon da yaro ya ji a wasa.

Bakano: Duk wannan wahalar don ba ku bin daidaitacciyar Hausa ne. Ku ce "balistik" ma ya fi, kamar yadda kuka ce lakkol da jandarma. Hausar taku ai rabinta Faransanci ce.

Ɗiyar Bagalam: Ji mai cewa asibiti da lauya da kotu da soja. Waɗannan a Dala aka haƙo su?

Mushe Mai Ritaya: Ku duka biyun marasa kishi ne. Harshe mai masu magana miliyoyi ya riƙa bara a ƙofar Turawa? Ni ban yarda da kalmar aro ko ɗaya a wannan shirin ba.

Malamar Tarihi: Mushe, ka gafarce ni, kai ka koya muna nahawu. Amma bindiga daga Larabci take, harsashi ma haka, albarushi ma haka. In muka kore su, da kwari da baka za a yi shirin.

Mushe Mai Ritaya: Larabci daban, ɗiyata. Wannan maƙwabci ne na shekaru ɗaruruwa.

Bakano: To ashe aro ya halatta in ya tsufa.

Mai Shirin Dare: Don Allah jama'a, dare na yi. Har yanzu ba wanda ya taɓa mini "scellés".

Tsohon Jandarma: Ɗana, ita ce ma babbar. Kayan da aka tsinta a wurin kisa, a sa su a ambulan ko jaka, a rufe, a buga hatimi, a rubuta wa ya tsinta, ina, yaushe. Duk hannun da ya karɓa sai ya sa hannu. Na taɓa isa wani ƙauye bayan hari, na tarar yara sun tsince kwanso sun cika gwangwani, wani dattijo kuma ya wanke harsashin da sabulu ya ajiye mini cikin kyalle don ladabi. Me masani zai yi da wannan? A kotu lauya ba ya wahalar da kanshi da madubi. Tambaya guda yake yi: wa ya ce wannan ne harsashin da aka ciro?

Malamar Tarihi: Ita ce tambayar da ta hana shari'ar Sacco kwanciya. A 1961 an sake gwaji, ya nuna daga bindigarsa harsashin ya fito, amma masu kare shi suka tsaya kan cewa tun farko an musanya harsashin. A 1977 gwamnan jihar ya bayyana cewa ba a yi musu shari'ar adalci ba.

Ɗiyar Bagalam: To a ce "amanar shaida".

Bagobirin Tibiri: Amana hali ne, ba jaka ba. "Ƙunshin shaida" ya fi.

Ɗiyar Bagalam: Ƙunshi? Sai ka ce goro za a raba, ko lalle.

Tsohon Jandarma: Duk kalmar da hatimi bai fito a cikinta ba, ban sa hannu ba. "Kayan shaida masu hatimi". Tana da tsawo, na sani.

Mai Shirin Dare: Madalla. Ga abin da zan rubuta: "binciken harsashi" a kanun shirin, in yi bayani da tsagar Bagobiri tare da gargaɗin Malama. Ɗayar kuma zan ɗauki ta Baba sau ɗaya a farko, daga nan in riƙa cewa "kayan hatimi".

Bakano: Kayan hatimi kamar shagon sayar da tambari. Amma shirinka ne.

Bagobirin Tibiri: An ci tsagata an hana ni kanu. Ba komi, ka ambaci Tibiri a gaisuwa.

Mushe Mai Ritaya: Na ji an yi rinjaye. Zan saurara gobe, kuma in an buɗe layin waya ni ne na farko, da jifantaka zan yi tambayata.