Neman shawara: waifa uku na canja tun farkon damina, har yanzu ba na ganin hanya

Mai Corolla, Hanwa:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah a taimaka min, abin nan ya fara hana ni sukuni. Ina da Corolla da na saya a hannun surukina shekara biyu da suka wuce, shi ma daga Kwatano aka kawo masa, kuma tun da na karɓe ta inji bai taɓa ba ni matsala ba, baƙin mai kawai nake juyewa. Aikina a Kaduna yake, iyali suna Zariya, duk Juma'a bayan la'asar nake kamo hanya, in koma Litinin da asuba. Juma'ar da ta wuce ruwa ya tare ni bayan na wuce Jaji, magariba ta kawo jiki, ga tirela a gabana tana watso min ruwan laka. Waifa tana ta kai da komo amma kamar man shanu ake shafawa a gilashin, fitilar masu tahowa duk ta bazu ta cika min ido. Dole na gangara gefen titi na zauna kusan awa guda, uwargida tana ta kira, caji ya kusa ƙarewa, ni kaɗai a daji.

Tun watan Mayu sau uku ina canja waifa. Ta farko a hannun masu talla a bakin titi, ta biyu a wani kanti a Sabon Gari, ta uku mai tsada wadda aka rantse min asali ce. Dukansu bayan sati biyu ko uku sai su fara tsalle suna kuka, suna barin layi-layi, kuma akwai wani wuri daidai saitin idona da ba ya goguwa sam. Wace iri zan saya in huta? Jibi Juma'a ce.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya tsare gaba. Motar ta wace shekara ce, kuma inci nawa ka ɗaura?

Oga Makanike, Tudun Wada:
Malam, waifa uku ba sa lalacewa iri ɗaya a wata uku. Ka daina zargin roba tukuna, domin alamu huɗu ka lissafa kuma kowace da mafarinta.

Shafe-shafen nan mai kama da man shanu, wanda ke baza hasken fitila da dare, maiƙo ne a jikin gilashi. Hayaƙin gas na manyan motoci yana kawo shi, haka ma tsumman da masu wankin mota suka goge dashbod ko taya da shi sannan suka ɗora a gilashi. Sabuwar roba ba ta cire maiƙo, sai dai ta ƙara shimfiɗa shi. Ka wanke gilashin da soso mai laushi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, ka ɗauraye sosai, in ya bushe ka bi shi da sifirit a tsumma mai tsafta. Ita ma robar ka goge bakinta da jiƙaƙƙen tsumma har baƙin ya daina fita.

Tsalle da kuka kuwa, yawanci hannun waifar ne ya murɗe. Bakin roba a tsaye ya kamata ya zauna a kan gilashi, in za ta hau ya kwanta gefe ɗaya, in za ta sauko ya juya ɗaya gefen. Idan hannun ya karkace ko kaɗan ne, a tafiya ɗaya jan robar ake yi, a ɗayar kuma tura ta ake yi, shi ne take tuntuɓe. Ka jiƙa gilashi, ka kunna ta, in ta kai tsakiya ka kashe makulli ta tsaya a nan. Ka zare waifar ka duba ko ƙarshen hannun yana kwance daidai da gilashin. In ya karkata, ana riƙe shi da sifana biyu a naɗe da tsumma a murɗo shi a hankali. A hankali na ce, ba irin murɗar masu faci ba.

Wurin da ba ya goguwa a saitin idonka, ko sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa da ke ƙarƙashin hannun, ya saki ba ya danne waifar, ko kuma tsayin da ka sa ba nata ba ne. Layi-layi kuwa, ka ja farcenka a kan layin bayan gilashi ya bushe. In farce ya maƙale, gilashin ne ya karce, kuma babu waifar da za ta gyara wannan.

Mai Corolla, Hanwa:
Na gode Oga. Ta 2005 ce. Tsayin kuwa mai kantin ne ya zaɓa, ya ce in sa 26 a gefen direba da 20 a ɗaya gefen, wai doguwa ta fi share wuri mai faɗi. Ni ma na ga hankali ya ɗauka.

Oga Makanike, Tudun Wada:
To ga ɓarawon nan an kama. Corolla daga 2003 zuwa 2008, inci 24 ne gefen direba, 18 gefen fasinja. A kwali wani lokaci za ka ga an rubuta da milimita, 600 da 450. Sifirin hannun an yi shi ne daidai da wannan tsayin. Ka ƙara inci biyu, ƙarfin dannawar ya rabu a kan roba mai tsawo, sai tsakiya ko ƙarshe ya riƙa shawagi. Ga shi gilashi ba a miƙe yake ba, yana lanƙwasa ta gefe, doguwar fasinja za ta kai inda bakinta ba ya taɓa komai, wani lokaci ma su biyun su riƙa karo da juna.

Mai Corolla, Hanwa:
Amma Oga ai ba sa karo. Kuma wadda na tarar a jikin motar ma doguwa ce.

Oga Makanike, Tudun Wada:
Wadda ka tarar surukinka ne ya sa, ba kamfani ba.

Direban Kano, Kwangila:
Ranka ya daɗe kar su wahalar da kai da lissafi. Ka sayi banana, irin mai roba zalla marar ƙashi a waje, ka zuba garin Omo cokali ɗaya a tulun ruwan waifa, magana ta ƙare. Duk direbobin haya haka suke yi. In tirela ta watso laka, ka danna ruwa sau biyu gilashi ya koma tas. Abin da ya fi damun mutane ma ba waifa ba ne, masu manyan motocin nan ne da ba sa sa robar tare laka a bayan taya, kuma babu mai ce musu uffan, amma kai ƙaramar mota fitila ɗaya ta mutu an tare ka.

Hajiyar Samaru:
Yaya direba, a bar maganar garin sabulu. Ba ya narkewa duka, yana kwanciya a gindin tulu ya toshe matatar famfo da 'yan ramukan fesa ruwa, in ya bushe kuma ya bar farin tabo a fenti da gilashi. Ana sayar da ruwan wanke gilashi na mota, ana surka shi yadda aka rubuta a jikin gorar. In babu, ruwa mai tsafta zalla ya fi. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai barin farin gishiri a buta shi ma yana toshe ramukan. In sun toshe, bakin allura ake sawa a buɗe, da ita kuma ake saita su ruwan ya riƙa sauka a tsakiyar gilashi ba saman rufi ba.

Sai abin da ba a faɗa ba tukuna. Waifar da aka rataye a rana wata da watanni a bakin titi ta riga ta tsufa kafin a saya. Kafin ka biya, ka fitar da ita daga kwali, ka lanƙwasa bakin robar da yatsa. Mai kyau tana da laushi, tana komawa daidai nan take, bakinta a miƙe yake da kaifi kamar an yanka da reza. In ka ga 'yan tsage-tsage, ko ta yi tauri, ko bakin yana da kwarmi, ajiye musu kayansu. Wasu kuma suna zuwa da wata leda mai tauri, ruwan ɗorawa ko kore, da aka rufe bakin robar da ita. Zare ta ake yi. Akwai masu yawo da ita a jikin mota suna zagin kamfani.

Direban Kano, Kwangila:
Hajiya, cokali ɗaya fa na ce, ba kwano ba.

Oga Makanike, Tudun Wada:
Ko rabin cokali ne. Maganar banana kuma a bi ta da kyau. Iri uku ne a kasuwa: mai ƙashin ƙarfe mai gaɓoɓi, banana wadda ƙarfen ke ɓoye cikin roba, da mai haɗin biyun, ƙashi a ciki murfi a waje. Banana ta kirki, irin Aerotwin na Bosch, tana danna gilashi bai ɗaya kuma iska ba ta ɗaga ta a gudun babbar hanya. Amma banana mai araha ta fi kowace waifa sharri, domin lanƙwasarta ɗaya ce aka yi wa kowace mota. In ba ta dace da gilashinka ba, ba ta da gaɓar da za ta gyara zama. Corolla irin taka da mai ƙashi ta fito daga kamfani. Mai ƙashi mai kyau, 24 da 18, ita ce shawarata, in gaɓoɓin ba sa girgiɗi kuma ba su ƙage ba.

Mai kanti, Sabon Gari:
Tunda an taɓo mu bari in ce wani abu. Kullum mai kanti ne azzalumi, amma mutum zai zo da mota ta miliyoyi, a nuna masa kaya kala uku, ya ce a ba shi na ƙasa, in ta lalace ya ce an cuce shi. Sunan Bosch ko Denso ko Valeo a jikin kwali ba shaida ba ce, kwali kowa na iya bugawa. A duba jikin waifar kanta: suna da lamba a buge suke da kyau ko fenti ne da farce ke kankarewa, maƙalin yana shiga da ƙara ɗaya ya kulle ko yana lilo. Corolla ƙugiya ce da ita, mai kama da lauje, ita ce mafi sauƙin samu. Masu motocin Turai na baya-bayan nan su ne ke fama da maɓalli da sauran maƙalai, su zo da tsohuwar a hannu.

Kuma in mutum na da ƙashin asali da ya zo da mota, kar ya jefar. Roba kaɗai ake zarewa a sa sabuwa. A auna faɗinta, akwai mai milimita 6 akwai mai 8, a mayar da siraran ƙarafan nan biyu da ke gefenta yadda suke, ɓangaren da ke da makulli ya shiga a ƙarshe. Ya fi sayen jabu gaba ɗaya.

Rewaya, PZ:
Kowa na maganar roba, ba wanda ya ce a duba ƙarƙashin murfin da ke gindin gilashi. Sandunan da ke haɗa moto, wato ɗan injin da ke motsa waifa, da hannayen suna da bushin na roba. In sun cinye, hannu zai riƙa lilo yana fizga. Mota a kashe, ka kama hannun ka girgiza sama da ƙasa, in yana wasa da yawa to can ne. Notin da ya ɗaure hannun ma yana kwancewa.

Oga Makanike, Tudun Wada:
Bushin ba ya kawo maiƙo, kuma ba ya barin fili a saitin ido. Kar a sa bawan Allah ya kwance rabin mota.

Rewaya, PZ:
Girgizawa na ce ya yi Oga, minti ɗaya ne.

Hajiyar Samaru:
Wata tambaya Malam. Da hunturu, in ka fito da safe ƙura ta rufe gilashi, me kake yi?

Mai Corolla, Hanwa:
Ina kunna waifa ta share. Tulun ruwan tun bara famfonsa ya daina aiki, ban ga amfanin gyarawa ba tunda da damina ruwan sama na yin aikin. Amma ai yanzu ba hunturu muke ba Hajiya, waɗannan ukun duk da damina na saye su.

Hajiyar Samaru:
Innalillahi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kana goga ƙura a busasshen gilashi, ai yashi kake murzawa. Layukan nan da wuya in ba karce ba ne. Kuma ko da damina, lakar tirela in ta fara bushewa ba ruwan fesawa, ita ke cin bakin sabuwar roba a sati biyu. Ka fara duba fiyus, in lafiya yake a saurari famfon ko yana ƙara in an ja sandar. Ƙaramin abu ne a gindin tulu, ana canja shi shi kaɗai.

Baban Khalifa:
In ka ajiye mota a rana, musamman Maris da Afrilu, ka riƙa ɗaga waifar kar zafin gilashi ya gasa robar.

Oga Makanike, Tudun Wada:
A'a. Kullum a ɗage sifirin yana miƙe, hakan zai iya kawo sakin da muke magana a kai, ga yara da iska su sako ta ta doki gilashi. Ka nemi inuwa kawai. A garin nan roba in ta yi shekara ta biya kuɗinta: ka sa sabuwa a Mayu da ruwan farko, in ta kai ƙarshen hunturu ka sallame ta. Ranar canjawa kuma ka shimfiɗa tawul a kan gilashi, domin hannun ƙarfe in ya suɓuce ba waifa a jikinsa, gilashin zai tsaga.

Baban Khalifa:
Sifirin bai fi gilashin Zariya da azahar cutar da roba ba, amma kai ne Oga.

Mai Corolla, Hanwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gaskiya ba na jin gilashina ya karce, wanda ke wanke min motar yana da kula, shekara biyu muna tare. Famfon kuma sai ƙarshen wata. Ina ganin zan gwada banana tunda ita kaɗai ce ban sa ba, amma 26 ɗin zan bari a gefena don na saba da faɗinta, in rage ta fasinja zuwa 18. Akwai wanda ya san inda zan samu ta asali kafin jibi, ko sai na shiga kasuwar Panteka in na koma Kaduna?

Oga Makanike, Tudun Wada:
Ka gwada farcen da na ce?

Direban Kano, Kwangila:
Bananar dai. Ka zo Kwangila da safe a nuna maka.

Maman Ilham, Gyallesu:
Salam, a gafarce ni na shigo tsakiya. Tawa Sienna ce, ta baya ce ta tsaya cak a tsakiyar gilashi tun shekaranjiya. Ita ma robar ce?