An ce fad kawai za a canza, yanzu kuɗin gyaran birki ya ninka sau uku

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota a kan wani lissafi da aka ba ni. Kusan wata biyu ke nan birkin gaban motata yana yin wata siririyar ƙara kamar fito duk lokacin da na taka shi a hankali, amma da yake motar tana tsayawa yadda ta saba, sai na yi ta ɗage zuwa gareji daga yau zuwa gobe. A makon jiya ƙarar ta sauya, ta koma kamar ana gurza ƙarfe da ƙarfe, sitiyari kuma ya fara rawa a hannuna idan na taka birki ina cikin gudu.

Da na yi wa makanike bayani a waya, ya ce fad ne ya cinye, wato abin da yake matse faifan da ke juyawa tare da taya idan an taka birki, ya faɗa mini kuɗi, na amince. Bayan ya kwance tayoyin sai magana ta canza, ya ce dole a sauya faifan birki na gaba duka biyu, a sa sabuwar kalifa a hagu (ƙarfen da ke riƙe fad yana matsa shi a jikin faifai), a kuma zubar da man birkin a zuba sabo. Jimillar ta kai ninki uku na abin da ya fara faɗa. Wanne ne dole a cikin waɗannan, wanne ne zai iya jira, kuma ta yaya zan gane ko ƙari ake yi mini?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ban ga motarki ba, amma abin da kika bayyana ya yi daidai da lissafin da aka ba ki. Waccan siririyar ƙara ta farko da gangan masu ƙera fad suke sa ta: akwai wani ɗan harshen ƙarfe a jikinsa wanda yake fara taɓa faifai idan naman fad ɗin ya ragu sosai, domin ya sanar da direba lokaci ya yi. Sabon fad yakan zo da kaurin milimita 10 zuwa 12, kuma yawancin masu gyara suna ba da shawarar a canza shi idan ya sauko kusan milimita 3. Da a lokacin fiton kika kai motar, da wataƙila kuɗin farko ya ishe ki. Ƙara ta biyu tana nufin naman ya ƙare, ƙarfen bayan fad ɗin ne yake cin faifan kai tsaye, kuma kwanaki kaɗan na irin wannan tuƙi sun isa su yi wa faifai zane mai zurfi.

Duk da haka kada ki karɓi maganar faifai da baki kawai, domin abu ne da ake aunawa. Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda a yi aiki da shi, kuma galibi an buga lambar a gefensa ko a tsakiyarsa, kusa da haruffan MIN TH. Ki ce ya goge tsatsar wurin, ya nuna miki lambar, sannan ya auna faifan a gabanki. Idan kaurin ya sauka ƙasa da ita, magana ta ƙare, sai sabo. Idan da saura, ana iya ɗora shi a injin a kankare fuskarsa ta koma sumul, muddin bayan kankarewar bai faɗa ƙasa da lambar ba, ko da yake faya-fayan ƙananan motocin zamani ba su da kauri sosai, har ladan kankarewar yakan kusa kamo kuɗin sabo. Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne ɗora sabon fad a kan faifai mai zane, domin fad ɗin ba zai kwanta daidai ba, zai cinye da wuri, ki sake biyan kuɗin aiki a karo na biyu. Kuma hagu da dama tare ake canza su, ko fad ko faifai, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda idan an taka birki.

A kan kalifa ne nake so ki fi yin tambaya, domin a nan lissafi yake kumbura. Ki nemi a jera miki tsofaffin fad ɗin guda huɗu a ƙasa. Idan na hagu sun fi na dama cinyewa, ko ɗaya ya ƙare ƙarƙaf alhali abokinsa na cikin kalifa ɗaya yana da nama, to lallai wani abu ya maƙale. Sau da yawa ƙusoshin nan biyu da kalifa take zamewa a kansu ne suka bushe, kuma maganinsu wankewa, giris mai jure zafi da sababbin robobi, aikin da bai taka kara ya karya ba. Idan fistin, wato abin da ke tura fad daga cikin kalifa, shi ne ya yi tsatsa ko yake yoyon mai, a nan ne sauya kalifar yake da hujja.

Direban Dogon Zango:

Na yarda da yawancin abin da Baba ya faɗa, amma ina ganin bai kamata a ɗora laifin rawar sitiyari duka a kan jinkirin da Hajiya ta yi ba. Na taɓa sauya faya-fayai sababbi fil, kafin wata uku rawar ta dawo, daga baya aka gano cewa ba a goge tsatsar da ke kan mazaunin faifan ba kafin a ɗora shi, an kuma ɗaure notocin taya da bindigar iska, wani ya fi wani tsauri. Faifan da ya zauna a karkace, ko da da kaurin gashi ne, yana cinyewa ba daidai ba. Saboda haka ki tambaya ko kuɗin aikin ya haɗa da goge mazaunin da ɗaure notoci da sifana mai awo. A wurina wannan ya fi sunan kamfanin da ke jikin kwali muhimmanci.

Malamin Kimiyya:

Ba a taɓo man birki ba, kuma shi ne mafi arha a jerin, shi ne kuma mutane suka fi sokewa. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska a hankali. Ƙa'idar da aka gindaya wa DOT 4 ita ce sabonsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Salsiyus, amma idan ya sha ruwa iyakar takan sauko zuwa 155, na DOT 3 kuma daga 205 zuwa 140. A doguwar gangara, ko idan kalifa ta maƙale tana dafa tayar kamar yadda ake zargin taki, man yana iya tafasa ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka feda ta nutse har ƙasa ba tare da birki ya kama ba. Shi ya sa kamfanoni da yawa suke cewa a sauya shi duk shekara 2. Ruwan nan kuma shi ne yake sa fistin tsatsa daga ciki. Ki duba murfin tankin man, an rubuta irin wanda motarki take sha, kuma kada a haɗa shi da DOT 5, wanda asalinsa daban ne.

Game da fad, idan za ki rage kuɗi, ba lallai ne ki sayi mai tambarin kamfanin motar ba. Kamfanoni irin su Bosch, ATE, TRW da Akebono suna yin masu kyau, kuma alamar R90 a jikin kwali tana nuna ya cika ƙa'idar Turai, wadda ta ce aikinsa kada ya bambanta da na asali fiye da kashi 15 cikin 100.

Uwar Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma garejin da safe, aka auna a gabana. Faifan hagu ya sauka ƙasa da lambar, na dama yana dab da ita, don haka na amince a sauya duka biyun. Fad ɗin ciki na hagu ya cinye har ƙarfe, na waje kuwa yana da saura, kuma da aka zaro ƙusar ƙasa ta kalifar sai ga ta a bushe, robarta a yage. Fistin ɗin lafiyarsa ƙalau, saboda haka an cire sabuwar kalifa daga lissafin, amma an bar canjin man birki a ciki. Makaniken ya ce in guji taka birki da ƙarfi a kwanakin farko har sai fad ɗin ya kwanta a kan faifan. Shin akwai wani adadin tafiya da ya kamata in yi kafin in koma tuƙi yadda na saba?