Zaɓen malamin Sifaniyanci a aji 11

Maman Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Makaranta ta turo takardar zaɓen darussan aji 11. 'Yata na son shiga ajin AP na Sifaniyanci, wato darasin matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, malamai biyu ne ke koyarwa, kuma ban san ko ɗaya ba. Me ake dubawa a gane na ƙwarai? Ni ko gaisuwa ban iya da yaren ba.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam. A bar ta ta shiga. Nan Bronx a New York fiye da rabin mutane 'yan asalin Latin Amurka ne, kullum a tasi sai na buƙaci yaren.

Anti Nas: Ko a wurin aikinmu, wadda ta iya shi ita ake fara nema.

Hajiya Babba: Maman Biyu, ki saurare ni, don na ɗanɗana duka biyun. Babban ɗana ya faɗa hannun wani malami da ba ya komai sai raba takardun cike gurbi, ranar Juma'a ya kunna musu fim ya koma kan wayarsa. Yaro na kawo maki masu kyau muna ta murna. Ranar da famfon kicin ya fashe, mai kula da gininmu ɗan Jamhuriyar Dominika ne mai jin Sifaniyanci, na ce yaron ya yi masa bayani. Wallahi baki ya ƙi buɗuwa, sai nuni da hannu. Har yau abin yana yi min ciwo.

Ƙanwarsa kuwa Allah ya haɗa ta da wata malama 'yar Kolombiya. A bakin ƙofa take tsayawa tana gaida kowa da sunansa, kana shiga kuma Turanci ya ƙare sai in abu ya cije. Jarrabawar da 'yata ta yi a watan Mayu ta ƙunshi ɓangaren magana: a kunna murya, yaro ya amsa cikin daƙiƙa 20 ana naɗa, daga baya ya yi minti 2 yana kwatanta al'adar inda yake da ta wata ƙasa mai yaren. Tun watan Satumba matar nan take sa su naɗi murya a waya su turo, ta saurara ɗaya bayan ɗaya ta dawo da gyara. Da yarinya ta fara sanyin jiki, ita da kanta ta kira ni, ba ta jira taron iyaye ba. Da azumi kuwa ajinta a buɗe yake lokacin cin abincin rana, masu azumi su zauna can. Ki nemi ɗaliban bara ki tambaye su abu ɗaya: su ke magana a ajin, ko malamin?

Baban Sadiƙ: Hajiya, nawa ta ci? Daga 1 zuwa 5 ne, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar 3 ko 4 su ɗauke wa yaro darasi.

Hajiya Babba: 4, alhamdulillahi.

Malam: Ni damuwata daban ce. Farkon Nuwamba suna kawo bikin matattu na Mekziko cikin aji, teburi da hotunan mamata da kyandir. Na hana nawa sa hannu.

Anti Nas: Allah gafarta Malam, ai sanin al'adar mutane ba bin ta ba ne.

Malam: Anti, karantawa daban, kafa teburin daban.

Hajiya Babba: Na gaya wa tamu haka, ba ta ja ba, ta ba yarinya aikin rubutu a madadinsa. Ita ce ma ta koya musu tarihin Andalus, daga shigar Musulmi a 711 zuwa faɗuwar Granada a 1492, ta nuna musu rubutun Larabci a bangon fadar Alhambra.

Malam: To wannan ta san mutunci. Ba kowa ke saurara ba.

Kawu Direba: Amma na littafi ba ya isa. 'Yan Dominika gudu suke da magana, suna haɗiye ƙarshen kalma. A riƙa aika yaran shagon unguwa su saya da bakinsu.

Baban Sadiƙ: Akwai wanda ya san mai koyar da lissafi a gida? Nawa can ya maƙale.

Maman Biyu: Hajiya, malamar tana nan a makarantar har yanzu?

Hajiya Babba: Ki kira ni bayan Isha'i, ba zan sa sunanta a zaure ba.