Bincike a Yamai ko zama da tagwaye a Damagaram? A ba ni shawara

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ni likita ce, shekarata huɗu ina aiki a nan Damagaram. An ba ni gurbin bincike kan cutar sanƙarau a Yamai, na shekara uku, in na gama zan iya neman koyarwa a jami'a. Damuwata tagwayena, wata mai zuwa za su cika shekara uku. Babansu ya amince, amma ba zai iya barin aikinsa ba. In tafi da su in sa su jardan, wato makarantar ƙananan yara, a can, ko in bar su wajen Inna a Birni su shiga na unguwa? Kuma nawa ake biya yanzu? Kwana goma aka ba ni in ba da amsa.

Alhajin Zango: Wa alaikumus salam. Ƴata, fara neman yardar maigidanki tukuna, sauran duk mai sauƙi ne.

Ɗan Karkada: Baba Alhaji, da girmanka, a riƙa karantawa har ƙarshe mana.

Mushe Garin Malam: Me ya kai ki Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, ga Kano nan kusa? Ƙanena a Bayero ya yi nasa, duk ƙarshen wata yana gida.

Tsohuwar Labo: Ƙanwata, zauna ki ji. Ni na yi abin da kike shirin yi, ɗiyata tana da shekara biyu na bar ta wajen mahaifiyata. Aikin da na shiga na ɗibar jinin yara ne a ƙauyuka. Tun asuba muna cikin mota, ni ce mai lallashin uwaye, ni ce mai fassara takardar amincewa da Hausa, ni ce mai gadin akwatin sanyi kar ƙanƙara ta narke a hanya. Wata rana wuta ta ɗauke, injin bai tashi ba, jinin da muka yi mako uku muna tarawa ya lalace, muka koma muna roƙon mutanen da muka riga muka tsira wa allura. Kuɗin da ake ba mu sai ya yi wata uku bai shigo ba. Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai, da aka buga sakamakon, sunana yana can ƙasa wajen godiya, tare da direbobi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma ki sani, in kika shiga jami'a, ƙarin girma yana bi ta CAMES ne, hukumar da ke tantance malaman jami'a, a Wagadugu, su kuwa maƙalun da sunanki yake cikin marubuta suke ƙirgawa, ba zufar da kika zubar ba. Da na dawo gida, yarinyar nan ta ɓuya bayan kakarta, ta ce "Inna, baƙuwa ta zo." Yau shekararta goma sha ɗaya, in ba ta da lafiya har yanzu kakarta take kira.

Amaryar Sabon Gari: Allah sarki Yaya, har na yi ƙwalla. Allah ya saka miki.

Malamin Asibiti: Yaya, an zalunce ki, babu musu. Amma kar a kashe mata gwiwa. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 shi ya karya lagon sanƙarau nau'in A, sai ga nau'in C ya ɓarke a 2015, kuma kowa ya ga yadda cutar ta sake ɓarkewa a jihar nan daga ƙarshen 2022. Wa zai gane nau'in da ke yawo in ba masu duba ruwan ƙashin baya a labo ba, wato ɗakin gwaje-gwaje, kamar na CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai? Gwajin rigakafin gudawar yara da aka yi a Madarunfa, wanda sakamakonsa ya fito a 2017, ai a ƙasar nan aka yi shi. Dakta, kafin ki sa hannu ki tambaya a rubuce: sunanki na nawa ne a maƙala, kuma wa zai biya kuɗin bugawa.

Tsohuwar Labo: Kai namiji ne. Da ka tafi naka karatun, wa ya yi wa ƴaƴanka wanka?

Ɗan Karkada: Malam an kama ka, ka ba da kai bori ya hau.

Amaryar Sabon Gari: Maganar kuɗi, ɗan yayata jaka 60 ake biya masa a shekara a makarantar jardan mai zaman kanta.

Uwar Gida Jagindi: Jaka 60 a ina? Ni 140 na biya bana, ban da riga, ban da abincin ƙarfe goma, ban da kuɗin bikin ƙarshen shekara, wai yaro ɗan shekara huɗu a sa masa hular gama jami'a.

Mushe Garin Malam: Ku kuka so. Na gwamnati jaka biyu na bayar, kuɗin kwamitin iyaye, shi ke nan.

Madam Jardan: Mushe, faɗa musu sauran. Ni a ta gwamnati nake, yara sun haura 60 a hannuna ni kaɗai. Firamare aka horar da ni, aka wayi gari aka ce ga ƙanana. Rabin safiya a raka wannan bayan gida ne, a raba wancan faɗa. Bayan gobarar makarantu a Yamai da Maraɗi a 2021 aka hana sa ƙananan yara a ajin zana, kuma daidai ne, sai dai ajin siminti bai ƙaru a wajenmu ba, aka cusa aji biyu cikin ɗaya. Dakta, ɗan shekara uku da ke da kaka mai yi masa tatsuniya bai rasa komai ba in ya ƙara shekara a gida.

Uwar Gida Jagindi: Ina! Nawa da ya yi jardan ya shiga aji ɗaya yana riƙe alli daidai, ɗan maƙwabciyata kuka ya yi wata biyu.

Ɗan Karkada: Namu ya haddace waƙoƙin Faransanci bakwai, ka ce ya miƙo ludayi sai ya tsaya kallonka. Ga shi tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa.

Alhajin Zango: Mu allo muka fara, ba mu lalace ba.

Madam Jardan: Ku bar ta harshe. Makon jiya kwana huɗu famfonmu bai ɗigo ba, da kuɗina na sayi ruwan da na wanke yara uku.

Mushe Garin Malam: Kwana huɗu kike kuka? Mu tun kafin a ja ruwan Ganaram zuwa garin nan ake mana alkawari, har yau sai biyun dare muke tashi tara bokiti.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Amma don Allah, akwai wadda ta taɓa tafiya Yamai da yaranta ita kaɗai? Yaya ta yi da su ranar da aikin labo ya kai dare?

Amaryar Sabon Gari: Mushe, nawa ƴan garuwa ke sayar muku da jarka yanzu? Mu jiya dala ashirin suka ce, kuma sai da na haɗa da roƙo.