Zarton inji na fetur ko na lantarki ga maigidan da ba kullum yake yanka ba?

Baban Amina, Gyallesu: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. A gidanmu akwai darbejiya uku da mangwaro biyu waɗanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dasa, kuma a farkon daminar da ta wuce iska ta karya wani babban reshe ya faɗo a kan katanga ya tare ƙofar shiga da mota. Kwana huɗu muka yi muna jiran mai zarton inji, domin a makon nan kowa nemansa yake yi. Tun daga lokacin na ƙudurta sayen nawa. Ra'ayina shi ne, mutumin da ba zai taɓa injin ba sai sau biyu ko uku a shekara, sayen na fetur asara ce a gare shi, na lantarki ya fi dacewa da shi. Ƙanena ya ce wannan maganar wanda bai san Zariya ba ce. Ina neman waɗanda suka riƙe injin da hannunsu su faɗa mini gaskiya.

Alhaji na Ƙofar Doka: Wa'alaikumussalam. Baban Amina, ƙanenka ya fi ka gaskiya. Ka tuna da daren da reshen ya faɗi, sannan ka tambayi kanka ko akwai wuta washegari. Iskar da take karya reshe ita ce take tsinka wayoyi ta kayar da turakun wuta, saboda haka ranar da ka fi bukatar zarton ita ce ranar da ba za ka sami abin da za ka jona shi ba. Ni ina da na fetur shekara takwas ke nan, ina zuwa da shi gonata ta hanyar Shika, inda babu soket ko ɗaya, kuma da lita guda ina gama aikin da majiya ƙarfi uku za su wuni suna yi da gatari.

Injiniya, Samaru: Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Maganar wuta gaskiya ce, amma kafin a yi nisa ya kamata a raba abu biyu da ake haɗawa da suna ɗaya. Akwai zarton lantarki mai waya, wanda sai an jona shi, akwai kuma mai batir, wanda ake yi wa caji a ajiye. Hujjar Alhaji ta kayar da mai waya, ban musa ba. Irin wannan yakan ci wat 1800 zuwa 2200, wato kusan amfiya 9 a kan wutarmu ta volt 230, kuma ƙaramin janareton nan da ake gani a ƙofar kowane shago, wanda ƙarfinsa bai kai wat 1000 ba, ba zai iya tayar da shi ba. In kuma wutar ta zo da rauni, kamar yadda takan zo wa unguwanni da yawa da yamma, motar injin tana zafi har ta iya ƙonewa. Mai batir kuwa wannan hujja ba ta taɓa shi ba. Batir mai volt 36 da amfiya-awa 4 yana ɗauke da wat-awa 144 ne kawai, abin da ƙaramar sola ta gida za ta cika da rana ba tare da an kashe firji ba. Duk wanda ya ga hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu zai iya cika batir biyu ya ajiye.

Ya kamata kuma a lura cewa Alhaji manomi ne mai gona, injinsa yana aiki kusan kowane wata. Tambayar Baban Amina ta shafi injin da zai kwanta wata biyar ko shida a ɗakin ajiya ba a taɓa shi ba.

Alhaji na Ƙofar Doka: Injiniya, ai kai da bakinka ka ba ni hujja. Wat-awa 144 me zai yanka? Gindin darbejiyar da ta shekara arba'in ba karan dawa ba ne.

Injiniya, Samaru: Ranka ya daɗe, a nan kam na sallama maka. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 9, kuma ko da yake injin yana zubar da mafi yawansa a zafi da hayaƙi, abin da ya rage ya ninka na batir sau da yawa. Wanda zai kayar da madaci ko ya yayyanka kututturen ɗorawa, to, fetur ne abokin aikinsa. Amma aikin cikin gida rassa ne, masu kaurin dantse ko cinya, kuma batir biyu sukan isa a gama da reshe irin wanda ya faɗo wa Baban Amina.

Makaniken janareto, Sabon Gari: Ina gaida manya. Ni sana'ata gyaran janareto da injin ban-ruwa, kuma duk shekara da zarar ruwan farko ya sauka sai an kawo mini zarton inji, kusan kullum da ƙorafi iri ɗaya: an ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo, ya ƙi tashi. In na buɗe kabireta sai in tarar man da aka bari a ciki tun bara ya bushe ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƙananan hanyoyin da mai yake bi, 'yar robar da take tura man kuma ta sandare. Injin bai tsufa ba, wani ma fentin jikinsa bai goge ba, zama ne kawai ya kashe shi. Kamfanin Stihl na Jamus da kansa yana gargaɗin kada a ajiye man da aka riga aka gauraya fiye da kwana 30.

Sai kuma maganar gaurayen. Wannan injin irin na tsohuwar Vespa ne da ƙaramin janareto, ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, dole a haɗa man 2T a cikin fetur ɗin. Na Stihl da Husqvarna kashi 50 ne na fetur ga kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5, wasu masu araha kuma sukan nemi mai fiye da haka, sai an duba takardar da ta zo da su. Mai aiki kullum ya haddace wannan. Maigidan da ya shekara bai taɓa ba yakan manta, ko ya aiki yaro ya zuba fetur zalla, kuma cikin 'yan mintoci fistin ya kama, gyaran ya tasar wa kuɗin sabo. Saboda haka a wannan gaɓar ina tare da Baban Amina.

Sai dai akwai abin da Injiniya bai faɗa ba, kuma amana ce in faɗa. Na fetur in ya lalace, akwai mu. Daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada babu layin da ba za ka sami wanda zai wanke kabireta ya canza fulogi ba, kuma sarƙa da igiya ana samunsu a kasuwa. Mai batir in allon lantarkinsa ya ƙone, ni dai ba ni da abin da zan yi masa, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga na wani. Na ga mutumin da ya sayi marar suna da araha, bayan shekara biyu batirin ya mutu, ya zagaya kasuwa har Kano bai sami irinsa ba, injin yana nan lafiya lau amma ya zama kayan ado.

Injiniya, Samaru: Na gode, Malam, wannan gyara ne mai kyau kuma na karɓa. Maganinsa shi ne a sayi na kamfanin da batirinsa yake aiki a sauran kayansa, kamar Makita, wanda batir ɗinsa mai volt 18 shi ne dai yake tuƙa injin huda bango da sauransu, ta yadda batirin ba zai yi zaman banza ba kuma samun wani ba zai yi wuya ba. Batirin litiyam shi ma yana da ladabinsa: ba ya son zafi, don haka kada a bar shi a but ɗin mota ko a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, kuma in za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, a ajiye shi da kusan rabin caji. Amma a kwatanta wannan da zazzage tanki, da barin inji ya ci gaba da aiki har man kabireta ya ƙare, duk lokacin da aka gama yanka. Mutum nawa ne zai tuna da haka bayan ya gaji, ga magariba ta gabato?

Alhaji na Ƙofar Doka: Wanda ba zai iya zazzage tanki ba, ban ga yadda zai tuna da rabin caji ba. Kula da kaya hali ne, ba nau'in inji ba. Kuma ku faɗa masa farashi: mai batir na kamfanin kirki, da batir biyu da caja, ya fi na fetur matsakaici tsada nesa ba kusa ba.

Baban Amina, Gyallesu: Alhaji, ni da na ɗauka tsadar fetur ce za ta raba gardamar, ganin yadda farashi ya tashi tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Injiniya, Samaru: A'a, Baban Amina, kada ka gina hukuncinka a kan wannan, ko da yake yana goyon bayan ɓangarena. Aikinka na shekara ba zai ci fiye da lita uku ko huɗu ba. Mai waya kuma in ya yi awa guda cur yana aiki, yunit 2 zai ci, wanda ko a farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sa wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A a watan Afrilun 2024 bai wuce naira 450 ba. Duka biyun ƙananan kuɗi ne. Kuɗin gaske yana wajen saye da wajen gyara, kuma a kan saye Alhaji ya faɗi gaskiya.

Hajiya Maman Khalifa, Tudun Wada: Ina neman afuwar iyaye maza, zan sa baki. Na yi shekara talatin ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma na ɗinke raunin zarton inji fiye da sau ɗaya. Ba ya yanka kamar wuƙa, yana yagar nama ne ya tafi da shi, kuma bai san bambancin fetur da batir ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan muhawara shi ne yadda ake yabon mai batir da sauƙi. Na fetur ƙararsa takan wuce desibel 100, alhali daga 85 kunne yake fara cutuwa in an daɗe, wannan aibi ne, kuma maƙwabta masu jinya ko masu jego ba za su gode ba. Amma ƙarar nan da wahalar jan igiya su ne suke hana yaro ɗan shekara goma sha biyu kusantarsa. Mai batir shiru yake kwance kamar abin wasa, da an danna sai ya tashi. Gidanka, Baban Amina, akwai yara da almajirai masu shiga da fita. In shi ka saya, ka cire batirin ka kulle shi a wani ɗaki daban, ina roƙonka don Allah.

Makaniken janareto, Sabon Gari: Hajiya ta taɓo wurin da ya fi muhimmanci. Hatsarin da ya fi yawa shi ne in saman bakin takobin, wato dogon ƙarfen da sarƙa take zagayawa a kansa, ya taɓa wani abu sai injin ya yi tsalle ya dawo wa fuskar mai riƙe da shi, da saurin da hannu ba ya iya tarewa. Bishiyoyin gidajenmu kuma cike suke da ƙusoshin da aka kafa don igiyar shanya, ɓawo ya rufe su shekaru da suka wuce, ba a ganinsu sai sarƙa ta ci karo da su. Duk wanda za a saya, a tabbata yana da birkin sarƙa a gaban hannun hagu. Kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada a hau tsani da shi, kada a kusanci reshen da ya jingina da wayar wuta. Man sarƙa kuwa duka biyun suna sha, kada wani ya ɗauka mai batir ba ya bukatarsa, kuma haƙoran sarƙa suna son magagari, musamman a nan da ƙurar hunturu take maƙalewa a ɓawon itace ta dushe kaifi da wuri.

Alhaji na Ƙofar Doka: A kan tsani ban da ja. Ni kaina in reshe yana sama, mai barandami nake kira ya hau ya sauke shi, sannan in yayyanka a ƙasa. Amma ina nan a kan bakana cewa mai batir ba zai raka mutum shekara takwas kamar nawa ba.

Baban Amina, Gyallesu: Allah ya saka wa kowa da alheri. Bayan la'asar na ɗauki tef na auna abin da ya rage na reshen da ya faɗo, kaurinsa inci 9 ne a wurin da ya fi kauri, kuma sauran rassan da nake tsoro ba su kai shi ba. Mai waya na cire shi daga lissafi saboda hujjar Alhaji. Zan nemi mai batir mai takobi inci 12 ko 14, amma ba zan biya ba sai mai shagon ya nuna mini batirin canji a kan kantarsa, kamar yadda Malam ya ja kunnena. Hajiya, akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ɗakina, a can batirin zai zauna. Alhaji, darbejiyar da ke bayan gida ta fara ruɓewa daga gindi, kuma na san wannan ta fi ƙarfin batir. In lokacin kayar da ita ya yi, zan zo Ƙofar Doka in roƙi ka turo mini yaronka da injinka, ni kuma in sayi man.

Alhaji na Ƙofar Doka: Ka sayi fetur ɗin kawai, sabo, a ranar. Gaurayen ni zan yi da hannuna.